Kwalliya da Gyaran Jiki ga Mace Mai Juna Biyu

An shirya wannan ɗan littafi domin matan da ke da juna biyu, da mazajensu, da iyaye da surukai waɗanda ke kula da su, a ko'ina suke zaune cikin Tarayyar Nijeriya. Ana roƙon duk wanda ya iya karatu ya karanta wa wadda ba ta iya ba, ya kuma tsaya ya bayyana mata inda ba ta gane ba.

Babu wata ƙa'ida ta likita da ta hana mace mai ciki yin wanka da shafa mai da yin ado. Tsabta ma wajibi ce gare ta fiye da kullum. Abin da ake so a sani shi ne, fata tana tsotse wani sashe na abin da aka shafa mata ya shiga jini, jinin uwa kuwa shi ne ke kai wa ɗan da ke ciki abinci ta hanyar mabiyiya. Mafi yawan kayan shafa, abin da ke ratsawa daga cikinsu kaɗan ne ƙwarai, ba ya yin wata illa. Masu haɗari 'yan ƙalilan ne, ana iya ƙidaya su da yatsu. Galibinsu kuma su ne masu cinye kuɗin mata, alhali waɗanda suka fi aminci suna nan jibge a kasuwar ƙauye da araha.

Abin da ciki ke yi wa fata

Da zarar ciki ya shiga, jiki yakan ƙara yawan waɗansu sinadarai nasa na halitta da likitoci ke kira homon. Su ne ke tsare cikin, su shirya nono, su sassauta gaɓoɓi domin ranar haihuwa. Ɗaya daga cikin ayyukansu kuma shi ne zuga ƙwayoyin fata masu yin launi, watau melanin, su ƙara aiki. Saboda haka ne kan nono ke yin duhu, hammata da wuya da matsematsi su ƙara baƙi, wani layi kuma ya fito daga cibiya ya gangara ƙasa. Mata da yawa sukan ga duhu ya bazu a kumatu da goshi da saman leɓe, kamar an shafa toka. Wannan ya fi bayyana ga masu baƙar fata, rana kuma tana ƙara masa ƙarfi.

Duk waɗannan ba cuta ba ne, ba kuma ƙazanta ba ce. Ko an kwana ana dirza wuya da soso, duhun ba zai fita ba, sai dai fatar ta ƙuje, inda ya ƙuje kuwa ya warke da tabon da ya fi na farko baƙi. Ga yawancin mata duhun yakan dushe da kansa cikin watannin da ke biye da haihuwa, ko da yake na fuska yakan daɗe ga waɗansu.

Sai kuma nankarwa, watau zanen da ke fitowa a ciki da cinya da nono. Asalinta yagewar zaruruwan da ke can cikin fata ne sa'ad da jiki ya buɗe da sauri, gado kuma yana da hannu a ciki: wadda uwarta ta yi, ita ma ta fi kusa da yi. A nan ne 'yan kasuwa suka sami abin yi. A shekarar 2012 ƙungiyar masana ta Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen magani ta auna ingancinsu, ta duba binciken da aka yi a kan mayukan hana nankarwa, har da man zaitun da man koko, ba ta sami tabbatacciyar shaida cewa wani daga cikinsu yana hana ta fitowa ba. Shafa mai a ciki yana da amfani, don yana rage bushewa da ƙaiƙayi, amma man kaɗanya na kasuwa zai yi wannan aiki daidai da kwalbar da aka kawo daga Faransa. Nankarwa takan fito da duhu ko ja-ja, sa'an nan ta yi ta dushewa a hankali bayan haihuwa.

Man sauya launin fata

Wannan ita ce babbar magana, don haka za mu daɗe a kanta. A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata cikin wani rahotonta cewa kashi 77 daga cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da kayan hasken fata. A 2023 kuma Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, watau NAFDAC, ta bayyana wannan al'ada da ake kira bilicin a matsayin matsalar lafiya mai bukatar matakin gaggawa. Haɗarin ya fi tsanani ga mai ciki, domin daidai lokacin da ta ga fuskarta ta yi duhu ne zuciya ke raya mata ta ƙara yawan man da take shafawa, ko ta nemi wanda ya fi ƙarfi.

Abubuwa uku ne ake yawan sa wa cikin irin wannan mai da sabulu, kowanne da irin ɓarnarsa.

Na farko shi ne zaiba, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da ake gani cikin tsohon ma'aunin zafin jiki. A jikin kwali ana rubuta ta da Turanci da sunaye kamar mercury, ko mercuric, ko mercurous, ko calomel, amma sau da yawa masu haɗawa ba sa rubutawa ko kaɗan. Zaiba tana hana fata yin launi, tana kuma ratsawa ta taru a ƙoda da ƙwaƙwalwa. Tun a 1972 likitoci a Nairobi ta ƙasar Kenya suka ba da rahoton ciwon ƙoda mai kumbura jiki a tsakanin matan da ke shafa man da ke ɗauke da ita. Tana ƙetare mabiyiya, tana kuma fita cikin ruwan nono. Duniya ta koyi darasin abin da zaiba ke yi wa ɗan tayi ne a garin Minamata na ƙasar Japan, inda a 1956 aka gano wata cuta da ta samo asali daga dattin wata masana'anta da ake zubarwa cikin teku, kifi ya ci, mutane suka ci kifin. An haifi yara da lalacewar ƙwaƙwalwa alhali iyayensu mata ba su nuna wata babbar alamar ciwo ba. Irin zaibar da ke cikin kifin ta bambanta da wadda aka fi sa wa a man shafawa, amma dukansu guba ne. Da sunan wannan gari aka ƙulla yarjejeniyar ƙasashen duniya ta rage amfani da zaiba a 2013, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018. A taron 2023 ƙasashen suka amince a daina ƙera duk wani kayan kwalliya da aka sa wa zaiba da shigo da shi, kome ƙanƙantarta, daga 2025. Sai dai yarjejeniya ba ta kwashe abin da ya riga ya shiga kasuwa, masu fasa-ƙwauri kuma ba su daina ba.

Wani abin da mata da yawa ba su sani ba shi ne, zaiba ba ta tsayawa a jikin mai shafawa kaɗai. Tana maƙalewa a tawul da zanen gado da matashin kai, tana bin hannun uwa zuwa abincin yara. Ta haka miji da 'ya'yan da ba su taɓa buɗe kwalbar ba sukan sami rabonsu.

Na biyu shi ne sinadarin da ake rubutawa hydroquinone. Likitocin fata suna ba da shi na ɗan lokaci domin wasu tabo, amma ba sa ba mai ciki, saboda an auna an ga kashi 35 zuwa 45 daga cikin ɗari na abin da aka shafa yana shiga jiki, wanda ya zarce na yawancin mayuka nesa ba kusa ba. Dogon amfani da shi kuma yana kawo akasin abin da ake nema: kumatu da bayan wuya su yi wani irin baƙi mai shuɗi-shuɗi da ƙananan gudaji, wanda maganinsa ke da wuyar gaske.

Na uku su ne magungunan kumburi da ƙaiƙayi masu ƙarfi da ake kira siteroyid, waɗanda ake sayarwa cikin ƙananan bututu, mata kuma suna matse su cikin man shafawarsu. A jikin bututun za a ga clobetasol ko betamethasone. Waɗannan magani ne na asibiti, ana ba da su a shafa a ɗan wuri na 'yan kwanaki. Wadda ke shafe dukan jikinta da su safe da yamma shekara da shekaru, tamkar tana shan su ne. Suna sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, suna faɗaɗa nankarwa, suna buɗe ƙofa ga makero da ƙyasbi da maruru, suna iya ta da hawan jini da ciwon sukari, waɗanda dama ciki kan zo da barazanarsu. In aka yi wa mace tiyata aka ciro ɗa, irin wannan fata ba ta riƙe ɗinki da kyau, rauni kuma yana jinkirin warkewa. Wani bincike da aka buga a 2007 kan mata masu ciki a birnin Dakar na Senegal ya sami cewa kimanin biyu cikin uku nasu suna shafa man hasken fata, kuma waɗanda ke amfani da siteroyid mai ƙarfi sun fi haihuwar jarirai marasa nauyi, mabiyiyarsu ma ta fi ƙanƙanta.

A nan akwai gargaɗi na musamman. Mai da ke da zaiba ko hydroquinone, a daina shi yau, ba sai gobe ba. Amma wadda ta daɗe tana shafa siteroyid mai ƙarfi a jiki duka, jikinta yana iya rage ƙera nasa sinadarin na halitta saboda ya saba samu daga waje, yankewa farat ɗaya kuwa tana iya jawo kasala mai tsanani da jiri da faɗuwar jini. Irin wannan mace ta ɗauki kwalbar da bututun ta tafi da su asibiti cikin makon nan, ta nuna wa likita ko ungozoma, su tsara mata yadda za ta janye. Kada kunya ta hana ta. Malaman asibiti sun ga irin wannan ba adadi, sanin gaskiya kuma shi ne zai taimake su ranar haihuwa.

Mafi wuyar sha'ani su ne haɗe-haɗen da ake sayarwa cikin robobi marasa suna, waɗanda masu su ke cewa na gargajiya ne zalla, ko na ganyaye, ko su kira su "oganik". Ba a rubuta abin da ke ciki ba, ba lambar rajista, ba sunan wanda za a kama in an cutu. Hanyar gane su mai sauƙi ce. Babu wani ganye ko 'ya'yan itace da ke mai da baƙar mace fara cikin mako biyu. Duk man da ya yi haka, lalle akwai ɗaya daga cikin abubuwan nan uku a cikinsa, kome mai sayarwa ya rantse.

Haka nan ƙwayoyi da allurai na hasken fata. A 2018 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar Gana ta yi gargaɗi ga mata masu ciki da ke shan ƙwayar glutathione da nufin a haifi jariri fari. Launin ɗa gado ne daga uwa da uba da kakanni, an riga an yanke shi tun ranar da ciki ya shiga. Babu ƙwayar da ke sauya shi. Jariran baƙar fata dama akan haife su da haske, sa'an nan launinsu na gaskiya ya zauna cikin makonni da watanni. Shafa wa jariri man bilicin don a tsare wannan haske zalunci ne, domin fatarsa ta fi ta babba saurin tsotsewa.

Magidanta ma suna da nasu kaso a wannan magana. Mata da yawa suna shiga wannan hanya ne don abin da suke ji daga bakin miji ko danginsa, ko don tsoron kishiya. Mutumin da ya ga matarsa ta yi duhu da ciki ya kama yi mata ba'a, ya sani shi ne ya tura ta kantin mai.

Kwalli

Kwalli, ko tozali, wanda Yarbawa ke kira tiro, Ibo kuma otanjele, tsohon ado ne mai daraja a al'ada, mutane da yawa kuma suna riƙe da shi ta fuskar addini. Ba al'adar ake tuhuma ba. Matsalar tana ga dutsen da ake sayarwa. Dutsen nan mai walƙiya da ake niƙawa, sau da yawa ma'adinin dalma ne, ido kuma ba ya iya bambanta shi da wanda ba dalma a ciki. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma fiye da kima cikin jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Nijeriya. Da aka bi sawu sai aka tarar daga kwallin da ake sa masa ne, wanda aka kai daga gida Nijeriya. Da aka auna kwallin, kashi 82.6 daga cikin ɗari nasa dalma ce.

Mutanen ƙasar nan ba sa bukatar dogon bayani kan gubar dalma. A 2010 yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa cikin gidaje. Abin da ke shiga jiki ta kwalli bai kai wannan yawa ba, amma dalma taruwa take yi. Tana bin hawaye ta gangara maƙogwaro, tana bin yatsan da ya murza ido ya koma baki, sa'an nan ta kwanta cikin ƙashi shekaru da yawa. Lokacin ciki, sa'ad da jikin uwa ke ɗibar alli daga ƙashinta domin gina na ɗa, dalmar takan fito tare da shi ta ƙetare mabiyiya. Tana iya kawo ɓari da haihuwar bakwaini, tana kuma rage kaifin basirar yaro ta yadda ba za a gane ba sai ya shiga makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma cikin jini da aka san ba ya cutarwa.

Shawara ita ce mai ciki da mai shayarwa su ajiye kwallin dutse, su yi amfani da fensirin ido mai rajista, wanda guda ɗaya kan yi watanni. Kada a sa wa jariri kwalli a ido, kada kuma a barbaɗa masa a cibiya. Akwai maganin cibiya da ake bayarwa a asibiti. Tsinken kwalli ɗaya da dukan gida ke amfani da shi kuwa hanya ce ta yaɗa ciwon ido.

Lalle da dayis

Lallen gargajiya, watau ganyen da aka daka aka kwaɓa da ruwa ko da lemun tsami, ba a san shi da illa ga mai ciki ba. Launinsa ja ne zuwa ruwan ƙasa, yana kuma bukatar awoyi kafin ya kama. Kada dai a yarda a haɗa shi da kananzir ko fetur ko wani ruwan da ba a san asalinsa ba.

Baƙin lalle da ake kira dayis wani abu ne dabam. Abin da ke sa shi baƙi wuluk cikin ɗan lokaci shi ne sinadarin rinin gashi da ake taƙaita sunansa PPD, wanda ba a yi shi domin a zana a fata ba. Ga waɗansu mata yana tayar da ƙuna da bororo daidai bisa zanen, ya bar tabo, jiki kuma ya riƙe wannan ƙiyayya har abada, ta yadda ko rinin gashi suka taɓa nan gaba sai fuska ta kumbura. Wadda ta yi sau goma lafiya tana iya gamuwa da shi a na goma sha ɗaya. Mai ciki ba ta bukatar ciwon da zai sa a ba ta magunguna masu ƙarfi.

Jariri kuwa kada a sa masa lalle kowane iri. Akwai wani rashi na gado cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda likitoci ke kira G6PD, yana kuma da yawa a Nijeriya, musamman ga 'ya'ya maza. Ga jariri mai wannan rashi, lalle yana iya farfasa ƙwayoyin jininsa ya kawo shawara mai tsanani.

Ƙurajen fuska

Waɗansu mata fuskarsu takan yi sumul da ciki, waɗansu kuma ƙuraje su feso musu kamar na 'yan mata. A nan ne ake yin kuskure mafi muni, don akwai wani maganin sha na ƙuraje mai suna isotretinoin wanda aka tabbatar yana nakasa ɗan tayi a zuciya da ƙwaƙwalwa da kunne, ko da an sha shi na ɗan lokaci ne a farkon ciki. 'Yan'uwansa na shafawa su ne tretinoin da adapalene da retinol, ana kuma samun na ƙarshen cikin mayukan hana tsufa masu tsada. Abin da ke shiga jini daga na shafawa kaɗan ne, amma likitoci sun haɗu a kan a bar su har a haihu. Wadda ta shafa kafin ta san tana da ciki kada hankalinta ya tashi. Ta daina, ta gaya wa likita. Kafson tetracycline, mai launin ja da rawaya, da ɗan'uwansa doxycycline, waɗanda ake saya a kemis ba tare da takarda ba, suna ɓata launin haƙoran yaro tun suna cikin dasashi.

Abin da ya kamata shi ne a wanke fuska sau biyu a rana da sabulu mai laushi, a daina matsa ƙurji, a rage shafa mai mai nauyi a fuska. In abin ya yi yawa, akwai mayukan da likita kan yarda wa mai ciki, kamar benzoyl peroxide da azelaic acid, na biyun ma yana taimakawa wajen rage duhun fuska.

Abin da ya wadatar

In aka cire duk abin da aka ambata, me ya rage? Ya rage sabulu, da mai, da inuwa.

Sabulun salo, wanda a kasuwannin Ikko da Badun ake kira ose dudu, yana wanke jiki sarai. A sayi wanda ba a yi masa haɗi ba, domin yanzu akwai masu cuɗa shi da sinadaran bilicin. Da yake da toka ake yinsa, yana da ɗan kaifi. Wadda ta ji yana busar mata da fuska ta koma sabulun jarirai marar ƙamshi. Sabulun da ake kira na magani ba a bukatarsa kullum.

Man kaɗanya, ori a bakin Yarbawa, okwuma a bakin Ibo, arzikin ƙasar nan ne, don Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan itacen kaɗanya, musamman a jihohin Neja da Kwara da Kebbi. Kamfanonin Turai suna sayensa su zuba cikin mayukansu, su sayar mana da shi da ninkin kuɗi. Shi da man kwakwa da man alayyadi da basilin fari duk suna tsare danshin fata. Sirrin shafa mai shi ne a shafa da an fito wanka, jiki bai gama bushewa ba, domin aikin mai riƙe ruwan da ke fata ne. Da hunturu a Arewa, a ƙara basilin a leɓe da diddige saboda faso. A wurare masu gumi kamar Fatakwal da Kalaba kuwa, mai kaɗan ya isa, abin da aka fi bukata shi ne tufafin auduga masu sakewa da busar da ƙarƙashin nono da matsematsi saboda ƙurajen zafi.

Dilka ta gargajiya ba laifi in an san abin da aka haɗa ta da shi, aka kuma murza a hankali. Zama cikin hayaƙin turare a rufaffen ɗaki a kan garwashi kuwa a bar shi sai bayan haihuwa, domin hayaƙin gawayi da zafi mai yawa ba su dace da mai ciki ba.

Game da duhun fuska, babu abin da ya kai inuwa. Laima, ko malafa, ko mayafin da ke sauko wa goshi, da kauce wa rana tsakanin hantsi da la'asar in hali ya yi, sun fi kowane mai aiki. Wadda ke da ikon sayen man kare rana ta nemi mai zinc oxide ko titanium dioxide, waɗanda ke zama a bisa fata, ko da yake sukan bar fari-fari a baƙar fuska.

Hoda da jan baki da jagira, mai ciki tana iya amfani da su. A duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji na tallan bakin titi waɗanda suka sha rana ba a san inda aka yi su ba. Hoda ɗaya mai kyau da jan baki ɗaya sun fi tarkacen jabu cike da akwati. A wanke fuska kafin barci, a riƙa wanke soson hoda, kada a yi aron abin da ke taɓa ido. Jan farce da rinin gashi da man miƙar da gashi, in za a yi, a yi su jefi-jefi a wuri mai iska, kada a sa a fatar kai mai rauni. Mata da yawa sukan jira watanni uku na farko su wuce.

Kuɗin da aka tsimi ta wannan hanya yana da wurin zuwa. Ƙwai da wake da kifi da ganyen zogale da alayyafo da 'ya'yan itace suna gina jinin uwa, fatar da jini ya wadace ta kuwa ita ce mai sheƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta sha ƙwayar ƙarin jini da folik asid kowace rana, tun 2016 kuma ta ce a sadu da ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Kuɗin motar zuwa awo ya fi cancanta da a tanada bisa kuɗin mai.

Alamun da ba a rufe su da kwalliya

Fata da fuska suna ba malaman asibiti labarin abin da ke faruwa a ciki. Ungozoma takan ja fatar ido ta duba, ta dubi tafin hannu da farce da leɓe, domin ta ga ko jini ya yi ƙaranci. Jan baki da lalle da kwalli suna ɓoye mata wannan. Saboda haka ranar awo a tafi da fuska wankakkiya. In haihuwa ta gabato kuma a bar farce ɗaya ko biyu babu dayis babu jan farce mai duhu, don akwai wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa ta auna iskar da ke cikin jini, baƙin launi kuwa yana iya rikita ta.

Ƙaiƙayin ciki saboda buɗewar fata abu ne da aka saba. Amma ƙaiƙayi mai tsanani a tafin hannu da tafin ƙafa, wanda ba ƙurji tare da shi, ya fi tashi da dare, musamman a watanni uku na ƙarshe, yana iya zama alamar matsalar hanta da ke da haɗari ga ɗan da ke ciki. Wannan ba na man shafawa ba ne, na gwajin jini ne. Haka nan in ido ya yi rawaya. Kumburin fuska da hannu farat ɗaya, har zobe ya ƙi fita, tare da ciwon kai ko gani dishi-dishi, alama ce ta hawan jinin masu ciki wanda ke kai wa ga jijjiga. Kada a ce ƙiba ce ta ciki, kada a jira ranar awo. A tafi asibiti a ranar, ko da dare ne.

Wadda ke shakkar wani mai ko sabulu da take amfani da shi, ta sa shi cikin jaka tare da katin awonta, ta nuna wa ungozoma ko mai harhaɗa magani. Wanda kuma ya ga ana sayar da kayan shafa marasa rajista, ko aka cutu da wani, yana iya kai rahoto ofishin NAFDAC na jiharsa, ya tafi da kwalbar da kwalinta.